Waya ba ta haki: kurakuran masu koyon dogon gudu da manhaja

Ranar da ƙanena ya sauke manhajar koyon gudu a wayarsa, ana idar da sallar asuba ya buga mini ƙofa. Muka fita, muka yi tafiyar minti biyar ta ɗumama jiki, sai muryar da ke cikin wayar ta ce ya fara gudu na daƙiƙa 60. Yaron nan ya zura kamar wanda kare ya biyo. Wani dattijo da ke dawowa daga masallaci da carbi a hannu ya ja ya tsaya, ya ce, "Samari, lafiya? Wa ya koro ka?" Ba a kai zagaye na huɗu ba na same shi ya dafa gwiwa, numfashi na fita da ƙyar. Ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan abin ba na mutane ba ne."

Abin na mutane ne. Shi ne ya ji an ce gudu, ya ɗauka tsere ake nufi. Daga abin da na gani a kaina da abokan fitata, yawancin masu farawa suna yi wa manhaja gardama a inda ya kamata su bi ta, sannan su yi mata biyayya ido rufe a inda ya kamata su ce mata a'a.

Sassarfa ake nufi, ba tsere ba

Tsarin da akasarin manhajojin 'yan koyo suka kwaikwaya shi ne Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5, wanda wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara a 1996, hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, kuma ta yi masa manhaja kyauta. Mako tara ne, fita uku a kowane mako. A makon farko gudun daƙiƙa 60 ne, tafiyar daƙiƙa 90, a maimaita har sau takwas. Shi ke nan. Wanda ya taɓa buga ƙwallo a unguwa sai ya raina, ya ce wannan ai wasan yara ne, ya ƙure ƙarfinsa a daƙiƙa 60 ɗin farko.

Gyaran ba ya buƙatar wata na'ura. Idan kana gudu ba za ka iya yi wa na gefenka cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya katse ka ba, ka yi sauri da yawa. Ka rage har sai ka iya ba da labari. Da farko za ka ji kunya, domin wataƙila mai tura baro ma ya wuce ka. Bar shi ya wuce. Wani masanin motsa jiki, Stephen Seiler, ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan dogon zango ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, shi ma yana da ranakun da sassarfa kawai yake yi a sansaninsu na Kaptagat. To kai da ka fara shekaranjiya, saurin me kake yi?

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne tsallake makonni. Mutum ya yi mako biyu ya ji numfashinsa ya daidaita, sai ya danna mako na biyar, ko ya riƙa fita kullum ba hutu. Abin da bai sani ba shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyi sun fi su nawa nesa ba kusa ba. Numfashi zai ce maka ƙara, ƙwauri da agara kuwa ba su shirya ba. Sai wata safiya ka sauko daga gado ka ji ƙwaurinka kamar an buga maka taɓarya. Ranar hutun da manhaja ta sa tsakanin fita da fita ba ado ba ce, a ranar ne jiki ke gyara abin da gudu ya taɓa.

Tun wajen cike bayanai ma wasu ke fara ɓata rawarsu da tsalle. Manhaja ta tambaye ka matakinka, ka zaɓi na tsakiya don ka yi gudun makaranta shekara goma sha biyar da suka wuce. Ta tambayi nauyinka, ka rage kilo takwas. Da wannan bayanin za ta tsara maka aiki, kuma ƙafarka ce za ta biya.

Inda ya kamata ka yi mata gardama

Manhaja jadawali ce kawai. Ba ta san jiya zazzaɓi ya kwantar da kai ba, ba ta san ka kwana kana fifita don an ɗauke wuta ba. A tsarin Couch to 5K, fita ta uku a mako na biyar gudun minti 20 ne ba tsayawa, alhali mafi tsawon da ka taɓa yi kafin nan minti takwas ne. Nan ne mutane da yawa ke ajiye takalmi. Idan ka gwada ka kasa, maimaita makon. Babu wanda zai ci ka tara. Mako tara na iya zama goma sha biyu, babu abin da ya ragu.

Sai ka koyi bambanta tsami da ciwo. Tsamin jiki yakan kama cinya da sha-raɓa duka ɓangarorin biyu, ya fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, kuma yakan saki idan jiki ya ɗumama. Ciwo kuwa wuri ɗaya yake zama, kana iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa idan ka ci gaba, har ya sa ka ɗingishi. Idan irin wannan ne, ko wayar ta yi ta ƙara tana tuna maka yau ranar fita ce, kife ta. Ya wuce 'yan kwanaki bai sauka ba, je asibiti, kada ka tsaya ga man zafi. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice kuwa ba a jira da su ko kaɗan. Mai hawan jini, ciwon suga, asma, ciwon zuciya ko sikila, da mace mai juna biyu ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, likita za su fara gani kafin manhaja.

Babbar gardamar da za ka yi da ita, a ganina, ta yanayi ce. Galibin manhajojin nan a ƙasashe masu sanyi aka ƙirƙire su. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yakan haura digiri 40. Saurin da ka saba yi a Disamba ba za ka iya shi a bazara ba, kuma hakan ba ci baya ba ne: jini ne ya rabu biyu, wani na ciyar da tsoka, wani na zuwa fata don ya sanyaya jiki. Jiki kan ɗauki kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Fita da sanyin asuba, rage sauri, ka manta da lambar da wayar ke nuna maka. Ka ji ciwon kai, tashin zuciya, ko tsigar jikinka na tashi alhali ana zafi, nemi inuwa ka zuba ruwa a jiki. Fitsari ya yi duhu, sau da yawa ruwa ne bai ishe ka ba. Da hunturu kuma matsalar ƙura ce. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinku, gara ka ɗage fitar, musamman mai asma.

Haka azumi. Manhaja ba ta san watan Ramadan ya kama ba. Ni na fi son ɗan sassarfa bayan asham, lokacin da ruwa ya shiga jiki. Wasu kan yi gajeren gudu dab da shan ruwa. Ko wanne ka zaɓa, ba watan ƙara nisa ba ne, riƙe abin da kake da shi ya wadatar.

Lambobin da ke kan fuskar waya

Wata rana ƙanen nawa ya turo mini hoton taswirar gudunsa yana murna, wai ya yi kilomita ɗaya cikin minti huɗu. Na buɗe na duba: layin ya tashi daga bakin titi, ya bi ta kan rufin gidajen mutane, ya ratsa tsakiyar wani kududdufi, ya dawo. Na ce masa, "Kai, yaushe ka fara tashi sama?" GPS na waya, wato abin da ke gano inda kake, yakan yi kuskure idan ka danna farawa kafin ya kama tauraron ɗan'adam sosai, ko kana bin lungu mai dogayen gine-gine. Wani lokaci kuma tsarin tattalin caji na wayoyin Android ne ke kashe manhajar da zarar fuskar waya ta mutu, sai ta ja miƙaƙƙen layi daga inda ta tsaya zuwa inda ta farfaɗo, nisanka ya ragu. Shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ka ba ta izinin ganin inda kake, sannan ka tsaya a fili na ɗan lokaci kafin ka fara. GPS ɗin kansa ba ya cin data. Loda taswira da tura sakamako ne ke ci. Idan kana son gwada gaskiyarta, je filin wasa mai layin tsere: layin ciki mita 400 ne, zagaye goma sha biyu da rabi ke nan kilomita 5.

A nan ne wasu ke karaya. Sun gama mako tara, sun yi minti 30 ba tsayawa, sai su ga kilomita huɗu ma ba su cika ba. Lissafi ne: kafin ka cika kilomita 5 a minti 30 sai kana cin kowace kilomita a minti shida, mai farawa kuwa sau da yawa minti takwas yake yi ko fiye. Minti 30 ɗin shi ne nasarar. Ragowar nisan zai zo.

Lambar kuzarin da aka ƙona ita ma ƙiyasi ce. A taƙaice, mutum kan ƙona kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita, wato mai kilo 70 da ya yi kilomita 5 ya ƙona wajen 350. Robar lemon kwalba ɗaya mai rabin lita ta haura 200. Wanda ya fito don ya rage tumbi, ya dawo ya saka wa kansa da lemo mai sanyi da fanke biyar, kada ya zargi manhaja.

Sai batun nuna wa duniya. Manhajar Strava da ire-irenta suna ba ka damar wallafa gudunka abokai su yaba, kuma gaskiya yana ƙara ƙwarin gwiwa. Illarsa biyu. Ta farko, sai kowace fita ta zama gasa, ka kasa yin sassarfa don kada a ga lambarka ta yi ƙasa. Ta biyu ta fi muni: taswirar tana nuna ƙofar gidanka da lokacin da kake fita kullum. A farkon 2018 an gano cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita ta fallasa fasalin sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. Idan sansanin soja bai ɓuya ba, ina ga gidanka? Akwai saitin da ke ɓoye farko da ƙarshen hanya, akwai na taƙaita masu gani ga waɗanda ka amince da su. Kunna duka biyun, mata musamman. Kuma a garuruwan da ƙwacen waya ya yi yawa, kada ka riƙe ta a hannu tana haske da duku-duku. Sa ta a jakar ƙugu ƙarƙashin riga, ku fita ku biyu ko uku. Iyafis ɗaya ya isa ka ji umarnin manhaja, ɗaya kunnen na Adaidaita Sahu ne da 'yan acaɓa. Ka kuma bi gefen da kake fuskantar motoci.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Kambas na gwanjo ma ya yi, muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba, kuma akwai sararin kamar faɗin babban yatsa a gaba. Silifas da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a kan kwalta ne dai ban yarda da su ba. Biyan kuɗin manhaja ma mai farawa bai buƙace shi ba. Idan ka karɓi gwajin kyauta ka sa lambar katinka, tuna ka soke kafin wa'adi ya cika.

Bayan kilomita biyar

Da an cika biyar sai ido ya buɗe. Manhaja ta jero maka tsarin kilomita 10, da na 21, da cikakken gudun yada ƙanin wani mai kilomita 42.195, duk dannawa ɗaya ce. Kuskuren shi ne ɗaukar mafi girma don an ga hotunan gasar dogon gudu ta Legas, wadda aka fara a 2016. Tsarin cikakken gudun kan ci mako 16 zuwa 20, kuma an gina shi ne a kan cewa ka riga ka yi watanni kana gudu a kai a kai. Zauna a kan biyar ɗin tukuna na 'yan makonni har ya daina ba ka tsoro. Daga nan ka ware fita ɗaya a mako ta zama doguwa, ka riƙa ƙara mata kaɗan. Masu horarwa kan ce kada jimillar mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100. Ba doka ba ce, amma tana taka wa zumuɗi birki. Duk mako na huɗu ka rage nisa.

Ƙanena sai da ya maimaita mako na biyar sau biyu, na bakwai sau ɗaya. Yanzu yana kan tsarin kilomita 10, ya kuma fara yi mini maganar Legas. Na ce gasar tana da rukunin kilomita 10, wannan zan biya masa kuɗin mota. Dattijon nan mai carbi har yau muna haɗuwa da shi a kwanar masallaci, sai dai ya ɗaga hannu ya ce, "A gaishe ku, samari," mu amsa masa baki ɗaya ba tare da mun tsaya ba.