Yadda Ake Haɗa Maganin Fangas da Maganin Retinoyid Ba Tare da An Cutu Ba

Abu ne da ke faruwa sau da yawa: mutum yana tsaka da maganin ƙurajen fuska na dangin retinoyid, sai ga makero ko kyasbi ya fito masa, ko amosani ya addabi kansa. Ya koma neman maganin fangas, ga kuma na ƙurajen bai ƙare ba. Shin za a iya haɗa su? Amsar ta dogara ne a kan tambaya guda: wanne ake shafawa, wanne ake haɗiya?

Mataki na farko: karanta sunan da ke jikin kwali

Ka ɗauko magungunan biyu, ka nemi sunan sinadarin, ba sunan da kamfani ya raɗa masa ba. Retinoyid dangin bitamin A ne. Na shafawa su ne tretinoin, adapalene da tazarotene. Na haɗiya kuwa akwai isotretinoin na ƙuraje masu tsanani, acitretin, da alitretinoin da ake bayarwa ga masu fama da tsagewa da ƙaiƙayin hannu na dogon lokaci.

A ɓangaren fangas, duk wanda sunansa ya ƙare da "azole" dangi ɗaya ne: ketoconazole, fluconazole, itraconazole, miconazole, clotrimazole. Terbinafine da griseofulvin kuwa kowanne gidansa daban. Ka rubuta sunan kowanne, da ƙarfinsa, da hanyar da yake shiga jiki.

Mataki na biyu: idan duka biyun na shafawa ne

A nan hankali zai iya kwanciya. Abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai, don haka ba a hanta za su yi karo ba, a kan fatar ne. Retinoyid yana busar da fata, yana sa ta saɓa, musamman a makonnin farko. Fatar da fangas ya riga ya cinye kuwa ba ta buƙatar ƙarin wuta.

Sai ka raba musu wuri da lokaci. Kada ka shafa retinoyid a kan tabon makero, ko inda fata ta tsage ko take ɗan ruwa. Ka bari wurin ya warke tukuna. Idan fuska ɗaya suke haɗuwa, maganin fangas da safe, retinoyid da dare. In an ce na fangas sau biyu a rana, ka shafa na biyun da yamma, ka bar tazara kafin na dare. Bayan wanke fuska ka jira minti 20 zuwa 30 ta bushe sosai, domin fata mai danshi ta fi jin raɗaɗin tretinoin. Ɗan ɗigo ɗaya a kan yatsa ya ishi fuska gaba ɗaya. Masu lafta shi da yawa ba sa warkewa da wuri, ƙonewa kawai suke yi.

In fuskar ta yi ja, tana zafi kamar an yi mata barkono, retinoyid ɗin za ka ajiye na 'yan kwanaki, ba na fangas ba. Ƙuraje za su iya jira. Fangas kuwa da ka ɗaga masa ƙafa zai dawo, shi ya sa ake cika kwanakin maganinsa ko da tabon ya ɓace a ido.

Wani abin dubawa: akwai man fangas da ake haɗawa da sitiroyid, irin su betamethasone ko clobetasol. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yana sa fatar fuska sirancewa, yana kuma tayar da ƙuraje. A ganina babu abin da ya kai shi fuskar mai amfani da retinoyid, sai in likita ne ya ce.

Mataki na uku: idan ɗaya na haɗiya ne, ɗaya na shafawa

Wannan ma galibi ba matsala. Mai shafa adapalene zai iya shan fluconazole da aka rubuta masa, mai shan isotretinoin zai iya wanke kai da sabulun ketoconazole, sai dai ya sa ran bushewar za ta ƙaru. Banda guda: miconazole da ake shafawa a cikin baki. Sunansa na shafawa, amma ana haɗiye shi da yawu, yana shiga jini. Ka lissafa shi cikin na haɗiya.

Mataki na huɗu: idan duka biyun na haɗiya ne

Nan ne maganar take, kuma nan ne bai kamata ka yanke hukunci kai kaɗai ba.

A cikin hanta akwai wasu enzayim da ke narkar da magunguna domin jiki ya fitar da su, ciki har da CYP3A4 da CYP2C9. Dangin azol suna danne aikinsu: ketoconazole da itraconazole sun fi danne na farko, fluconazole da miconazole na biyun. Retinoyid da ke bin wannan hanya sai ya tarar an tare ƙofa, ya taru a jini fiye da yadda aka auna masa. Shi ya sa takardar alitretinoin ta ce a duba yiwuwar rage shi zuwa miligiram 10 idan za a haɗa da waɗannan magunguna, alhali yawanci 30 ake sha.

Shi isotretinoin yana da hanyoyin fita fiye da ɗaya, don haka abin da aka fi tsoro a kansa shi ne nauyi biyu a kan hanta ɗaya. Yana iya ɗaga enzayim ɗin hanta da ake aunawa a gwajin jini, alamar hanta na wahala, haka ma azol da terbinafine. Ƙwayar ketoconazole ce ta fi muni; tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taƙaita shanta saboda lahanin da take yi wa hanta.

Kada ka ce za ka sha ɗaya da safe ɗaya da dare ka tsira. Wannan dabarar ta man shafawa ce. Fluconazole yana ɗaukar kusan awa 30 kafin rabinsa ya bar jiki, to tazarar 'yan awoyi ba ta raba su.

Abin yi shi ne ka koma wurin likitan da ya rubuta retinoyid ɗin da takardar da ka rubuta a mataki na farko. Ka tambaye shi ko na shafawa zai wadatar, domin makero ɗaya ko biyu a jiki ba ya buƙatar ƙwaya. Na fatar kai da na farce ne suka fi buƙatarta, kuma na farce yana iya jira har a gama isotretinoin. In dole ne a haɗa, a gwada jinin hanta kafin a fara, a sake gwadawa ana cikin sha. Ka bar giya, ka bar ƙwayoyin bitamin A. Kuma in wani ya ƙara maka doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko danginsa, ka faɗa masa kana shan retinoyid, domin waɗannan biyun ba a haɗa su sam.

Mataki na biyar: ga mata masu shekarun haihuwa

Retinoyid na haɗiya yana nakasa jariri a ciki, nakasa mai tsanani. Shi ya sa ake buƙatar tabbatacciyar hanyar tazarar haihuwa wata ɗaya kafin fara isotretinoin, da lokacin shansa, da wata ɗaya bayan gamawa. Acitretin kuwa har shekara 3 bayan gamawa. To griseofulvin yana iya rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Kin ga bai taɓa retinoyid ɗin ba, amma ya cire katangar da ke kare ki daga sharrinsa, kuma wannan ne aka fi mantawa da shi. In an rubuta miki griseofulvin, ki faɗi abin da kike sha kafin ki haɗiyi ko ɗaya. Mai juna biyu kuwa ko retinoyid na shafawa ba ta amfani da shi.

Mataki na shida: san lokacin tsayawa

Bushewar leɓe da saɓar fata an saba da su. Amma ciwon kai mai tsanani da bai sauka, tare da amai ko gani dishi-dishi ko bibbiyu, alama ce ta hauhawar matsin ruwan ƙwaƙwalwa. Idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, abinci ya fita a rai, gefen dama na ciki yana ciwo, wannan hanta ce ke kuka. Ko wanne ka gani, ka daina shan magungunan, ka je asibiti a ranar, ka tafi da kwalayen duka biyun a hannu.