Yadda za ka karanci lissafi a jami'a ba tare da ya kayar da kai ba

Da farko ka cire wa ranka cewa irin lissafin sakandare ne. Can fomula ake ba ka, ka zuba lambobi amsa ta fito. A jami'a kuwa shekarar farko kalkulas zai sa ka ji kamar ka san gari, sai an shiga analisis da aljabara za ka ga malami ya cika allo da haruffa babu lamba ko ɗaya, kuma abin da yake nema wurinka hujja ce, wato me ya sa abin ya zama gaskiya.

To ka fara da ma'anoni. Duk ma'anar da aka bayar ka riƙe ta kalma da kalma, ban da "ai na gane". Ma'anar limit (wato inda ƙima ke dosa) da ake bayarwa da haruffan epsilon da delta ita ke rikita yawancin ɗalibai, kuma ba abin kunya ba ne, Newton da Leibniz sun fito da kalkulas tun ƙarni na 17 amma sai a ƙarni na 19 su Cauchy da Weierstrass suka gyara masa zama, kai kuma so ake ka haɗiye a semista ɗaya. Kowace ma'ana ka nemo mata misalin da ya cika sharaɗi da wanda bai cika ba.

Hujja kuma ba a karanta ta a kwance. Biro da takarda, ka bi layi-layi, ka rufe littafi ka sake rubutawa da kanka, inda ka maƙale nan ne ba ka gane ba. Gwada da ta Euclid, cewa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, ba su da ƙarshe: ka ɗauka suna da ƙarshe, ka ninka su duka ka ƙara 1, babu ɗaya cikinsu da zai raba sabuwar lambar ba saura, ke nan akwai wata irinsu da ba ta cikin jerin. Amma kar ka ce dole ita ma ba ta rabuwa, nan ake zamewa. 2×3×5×7×11×13 a ƙara 1 ya ba da 30031, wanda shi ne 59×509.

Ka daina yarda da sabo ma. A matiris, wato lambobin da aka jera sahu-sahu kamar jadawali, A sau B ba lallai ya zama daidai da B sau A ba.

Asaimen ka fara kokawa da shi kai kaɗai ko da awa guda ce kafin ka leƙa amsa ko ka tambayi abokai, kwafa a ganina ɓata biro ne kawai. Bayan nan ku zauna ku biyu ko uku kowa ya yi wa ɗan'uwansa bayani a allo. Kar ka bar lakca ta taru maka, don ta yau a kan ta jiya ake ɗora ta. In ka samu sarari ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da LaTeX na rubuta lissafi a kwamfuta, za ka buƙace su lokacin furojet ɗin shekarar ƙarshe.