Yadda ake tace EPS daga bakteriya masu amfani a gwada shi kan ƙwayoyin cuta

Bakteriya irin su Lactobacillus plantarum da Leuconostoc mesenteroides suna fitar da wani yauƙi a jikinsu, dogon zaren sukari da ake kira EPS. Ɗalibai da yawa na ga sun yi murna da da'ira, wato filin da ƙwayar cuta ba ta tsiro ba, ta fito a farantin gwaji, wai EPS ya kashe ƙwayar cuta, alhali tsami ne ya yi aikin.

Ka shuka bakteriyarka mai amfani a ruwan MRS, wato ruwan abincin da ake renon irinta a ciki, ka ƙara sukuros, ka bar ta awa 48. Plantarum digiri 37, Leuconostoc kuwa ya fi son kusan 30. Ka ajiye kwalba ɗaya da ba a shuka komai a ciki ba, ta bi kowane mataki tare da sauran, domin yis ɗin da ke cikin MRS ma yana da nasa zaren sukarin.

Ka juya a sentirifuj ka zubar da ƙwayoyin, ka zuba wa ruwan asid ɗin tirikuloro-asetik (TCA) ya kwantar da furotin, ka sake juyawa. Sai etanol mai sanyi, ninki uku na ruwan, ya kwana a digiri 4. Wasu ninki biyu suke yi don tattalin etanol. Ni uku nake yi, ba na ragewa.

To, a nan ake faɗuwa. Farin abin da ya kwanta ba tsantsar EPS ba ne, akwai ragowar TCA da asid ɗin laktik a tare da shi. Ka narka shi a tataccen ruwa, ka ɗura a jakar dayalisis, wadda ke barin ƙananan abubuwa su fita ta riƙe manya, mai 12 zuwa 14 kDa (ma'aunin girman abin da take riƙewa), ka tsoma a ruwa cikin firiji kwana biyu, kana canza ruwan sau biyu ko uku a rana. Jakar tana da tsada, shi ya sa ake tsallake ta, amma wanda ya tsallake aikin banza ya yi. Kafin ka ci gaba ka auna pH. In bai kai 6.5 ba, ka mayar da jakar cikin ruwa. Staphylococcus aureus da E. coli ba sa jure tsami mai yawa, ko ba EPS za su ba ka da'ira.

Ka busar da shi, ka auna yawan sukarin da fenol da asid ɗin salfurik a 490 nm.

Gwajin kansa: farantin Mueller-Hinton (aga, wato daskararren abincin renon ƙwayar cuta), ƙwayar cuta a kaurin 0.5 McFarland (ma'aunin yawanta a ruwa), rami milimita 6, awa 24. Rami ɗaya EPS ɗinka, ɗaya ruwa zalla, ɗaya na kwalbar da ba a shuka ba. In da'ira ba ta fito ba kada ka yanke ƙauna, EPS yana da girma, ba ya ratsa aga da kyau. Ka koma faranti mai rami 96, ka rina da kiristal bayolet, ka duba ko ya hana ƙwayar mannewa ta yi shimfiɗa.