Yadda za ka kula da rigar sulkenka, ɗan'uwa ɗan sanda

Na shekara goma sha biyu ina tsayuwa a shingen bincike, kuma abin da ya fi damuna shi ne ganin abokan aiki sun tuɓe rigar sulke sun rataye a jikin mota saboda zafin watan Afrilu.

Ka fara da sanin irin wadda ke jikinka. Mai laushi ta zaren Kevlar, mai lambar IIIA a ma'aunin Amurka, harsashin ƙaramar bindiga kawai take tarewa. Na AK-47 huda ta zai yi, sai ka zura faranti mai tauri, na ƙarfe ko na tangaran, mai lambar III ko IV a aljihun gaba da na baya. Nauyi gare shi, na sani, amma a hanyar daji ba na fita sai da shi.

Ɗaure ta ta rufe daga gindin wuya zuwa cibiya, gefe da gefe su haɗu. Idan ka zauna tana tokare maka maƙogwaro, ta yi maka tsawo.

Sa singileti na auduga a ciki don zufa. Zare ƙyallen Kevlar ɗin daga cikin rigar ka goge da ɗanyen tsumma, kada ka jiƙa shi, kada ka shanya a rana, haskenta na raunana shi. Farantin tangaran in ya faɗi ƙasa, a duba shi, yakan tsage ta ciki. Yawancin kamfanoni shekara 5 suke ba da garanti, don haka duba kwanan watan da ke kan takardar ciki.