Kurakuran da muke yi wajen tara wa yara littattafai a gida, mu mazauna Legas

Duk wanda ya zauna a Legas ya yi damina ko da guda ɗaya ya san garin nan ba ya raga wa takarda. Ni a Agege nake, ɗaki ciki da falo, kuma littattafan farko da na tara wa yarana a jakar Ghana-must-go na zuba su na tura ƙarƙashin gado wai ina adanawa, ranar da na jawo jakar bayan ruwan watan Yuni wallahi wari ne ya fara yi min sallama, shafuka sun manne da juna, fumfuna ta yi baƙi-baƙi a bango, kyankyaso ya ci gam ɗin da ya riƙe su. To daga nan na fara lura da yadda mu iyaye muke yi, kusan kuskurenmu iri ɗaya ne.

Wanda ya fi yawa shi ne mutum ya ce ai yarana suna da littattafai cike da kwali, in ka duba sai ka ga duk na makaranta ne, lissafi, Turanci, tambayoyin jarrabawa na shekarun baya. Waɗannan aiki ne a wurin yaro, kaman ka ba shi tsintsiya ka ce ga abin wasa. Yaron da bai taɓa riƙe littafi don daɗi ba, da zarar an yi hutu shi da takarda sai wani zangon. A nemo na labari, na dabbobi, na kacici-kacici, na yadda jirgi ke tashi, mai hoto manya-manya. Kuma a daina cewa hoto na jarirai ne, ɗan aji uku ma da hoton yake fara gane labari kafin ya gane kalmar.

Sai kuma masu sayen littafin da ya fi ƙarfin yaro don wai ya yi saurin girma. Ɗan shekara 2 littafi mai kauri na kwali yake so wanda zai ciza ya jefar bai yage ba. Ɗan shekara 5 ko 6 layi biyu uku a shafi ya ishe shi. Akwai gwaji mai sauƙi, ka buɗe shafi ɗaya a tsakiya ka ce ya karanta, in ya yi tuntuɓe da kalma biyar ko fiye a shafin nan to ba nasa ba ne tukunna, kai za ka riƙa karanta masa har ya kai.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, maganar Hausa. Yaranmu na nan suna tashi da Turancin makaranta, da Yarbanci da buroka a layi, Hausar kuma sai a cikin gida, mu kuma mun ɗauka tunda suna ji suna mayarwa ai shikenan. Ba haka ba ne fa. Ka miƙa wa ɗan shekara 10 da aka haifa a Idi-Araba ko Mile 12 rubutun Hausa ka ji yadda zai yi ta in-ina, ya zo kan ƙ da ɗ da ɓ ya tsaya yana kallonka, don ba wanda ya taɓa nuna masa. Kuma gaskiya littafin yara na Hausa wuyar samu yake a shagunan Legas, ko ka je CMS ko Yaba ko ƙarƙashin gadar Ojuelegba kusan duk na Turanci za ka tarar. Maganinsa saƙo. Kullum motoci na sauka daga Kano da Zariya da Sakkwato, duk wani ɗan uwa da zai taho ko in kai ka je gida da Sallah, a riƙa haɗowa da littafi biyu uku yadda ake haɗo kilishi da kuka da daddawa. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, ba na man fetur ba, shi ya buga yawancin tsofaffin littattafan Hausa da muka karanta a firamare, Magana Jari Ce na Abubakar Imam da aka fara bugawa a 1937 har yau ana samunsa, sai dai Hausarsa ta yi wa ƙaramin yaro nauyi, wannan na karantawa da baki ne da dare, labari ɗaya, kana yi kana tsayawa kana fassara karin maganar. A intanet kuma akwai African Storybook, kyauta ne kuma akwai gajerun labarai da Hausa, sai ka kai shagon masu kwamfuta a buga maka a ɗinke. Amma a kula wajen aike, kar ka ce kawai a sayo min littafin Hausa, sai a kawo maka na soyayya irin na kasuwar Kano wanda na manya ne. Ka faɗi shekarun yaron.

Gwanjo ba laifi ba ne, ni rabin namu gwanjo ne kuma wasu sun fi sababbi ƙwari. Kuskuren shi ne saye a tsaye cikin sauri kana jiran danfo. Ka buɗe ka duba shafin ƙarshe yana nan, don ba abin da ya kai a kai ƙarshen labari a ga an yage shi haushi. Ka shinshina, in yana warin laima bar musu kayansu don fumfunar za ta bi sauran na gida. Ka kuma karanta shi kai da kanka kafin ya shiga hannun yaro, ba duk mai zanen katun ne ya dace da tarbiyyar gidanka ba. Na jabu kuwa, wato wanda aka saci bugu, za ka gane shi da takarda sharara, rubutu dishi-dishi, hoto ya koma baƙi da fari, kwana kaɗan shafuka su fara zubewa, arha ba ta ado.

Mu dawo kan danshi tunda shi ne babban abokin gaba a nan. A Arewa ƙura ce da gara, a Legas laima ce kusan duk shekara, ga ambaliya a wasu unguwanni in ruwa ya yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya sake dawowa wajen Satumba. Kar littafi ya taɓa ƙasa, ko kwali ne ɗora shi kan benci ko bulo. In kanta ce ta tsaye kar a manna bayanta da bango, a bar tazarar yatsu uku huɗu iska ta wuce, musamman bangon da ke haɗe da banɗaki. Kar a ɗaure su a leda, leda tana kulle laimar ne a ciki. Kar a cusa su dam-dam, kuma duk bayan sati biyu a sauke a karkaɗe a goge kantar da busasshen tsumma, a nan ne za ka ga ko gara ta fara hanya. 'Yan ƙananan ƙunshin nan masu kama da gishiri da ke zuwa a kwalin takalmi suna tsotse danshi, sai dai a ɓoye su inda yaro ba zai kai ba. In littafi ya jiƙe kar a shanya shi a tsakar rana, zai kumbura ya lanƙwashe, a tsayar da shi a buɗe gaban fanka, in ya kusa bushewa a danne da abu mai nauyi. Kafur kuma da muke son watsawa a kaya, ni dai ban yarda da shi kusa da littafin yara ba, kama yake da alawa, guba ne in aka haɗiye, kuma likitoci na gargaɗi yana iya jawo wa wasu jarirai shawara.

Liƙe littafin da ya yage da salatif ma kuskure ne, wata biyu ya yi ja ya ɓare ya bar tabo. Farin gam kaɗan ya fi, waɗanda aka ɗinke tsakiyarsu da 'yan ƙarafuna kuwa tsatsa ke cin su a garin nan, cire su ka ɗinke da zare da allura.

Akwai kuma masu kullewa a kabad mai gilashi a falo, littattafai reras sai baƙo ya gani ya yaba, yaro in ya taɓa a daka masa tsawa. To me aka yi kenan? Kantar yara ta zama daidai tsayinsu, a jera wasu bangon na kallon waje don hoton ne ke kiran yaro, in doguwa ce a sa kafinta ya ɗaure samanta da bango don yara na hawa. Abin da za a ware sama shi ne masu ayoyin Alƙur'ani, littattafan Islamiyya da ƙissoshin Annabawa masu nassi, su a ba su wurinsu na daban kar su riƙa yawo a ƙasa. In ɗakin ƙarami ne ba sai an fito da duka ba, goma a waje sauran a ajiye, ƙarshen wata a canza, sai ka ga suna murna kaman sababbi ne.

Aro kuma, a gidan haya ba yadda za ka yi ka hana 'ya'yan maƙwabta, kuma bai ma kamata ba. Mu abin da muka yi, babbar 'yata ce ke riƙe da wani tsohon littafin rubutu, duk wanda ya ɗauka ta rubuta sunansa da ranar, ba a ba ka na biyu sai ka dawo da na farko. Har ni ta taɓa rubutawa da na ɗauki ɗaya zan karanta wa ƙaninta a asibiti, da muka dawo tun ban cire takalmi ba ta ce Baba ina littafin.