Kafin ka kawo kunkuru gida, duba gindin katangarka

Kunkurun da na gada wurin mahaifina ya girme ni, kuma sau biyu yana bi ta ƙarƙashin katanga ya ɓulla gidan maƙwabta. Shi ya sa nake fara gaya wa mai son kiwonsa ya zurfafa tushen katanga da bulo. Irin namu na Sahel shi ne na uku a girma a duniya, namiji kan wuce kilo 50, kuma haƙa rami a jininsa yake, can yake fakewa da zafin bazara. Ka bar masa kusurwa guda, nesa da ɗaki da masai.

Abincinsa ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya. Nakan ƙara masa ganyen rama da ɗan kabewa, in barbaɗa garin ɓawon ƙwai saboda ƙwarin bayansa. Tuwo da ragowar miya kuwa na hana yara ba shi, harawa ma sai kaɗan. Ruwa a faranti mara zurfi, domin shi ba kififiya ba ne, nutsewa zai yi. Da hunturu ka shimfiɗa masa ciyawa a ɗaki. In ka ga majina a hancinsa, sanyi ya kama shi, nemi likitan dabbobi.

Ana cewa kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Wanda ya faɗi haka bai haɗa maza biyu a tsakar gida ɗaya ba. Karo suke yi har ɗaya ya kifar da ɗaya, wanda ya kifu a rana kuma yana iya mutuwa. Namiji ɗaya ya isa. Za ka gane shi da lotsattsen ciki da doguwar wutsiya.

Macen, in ta tashi yin ƙwai, sai ka ga ta kasa zama, tana shinshina ƙasa. Da ƙafafun baya take haƙa, ta zuba 15 zuwa 30, ta rufe. Ni ba na tonewa, kwando nake kifawa a wurin saboda karnuka da gafiya. In dole ka kwashe, yi wa saman kowane ƙwai alama da gawayi, kada ka juya shi kamar na kaza, ɗan zai mutu a ciki. Sai haƙurin wata uku ko fiye.

Ƙananan nakan jiƙa su a ruwan ɗumi kowace safiya, iya haɓarsu, sannan in kai su inda shirwa ba za ta gan su ba.