Kafin ka kafa hujja da jadawalin nan na ƙasashe

Duk sanda ɗalibi ya kawo mini aikinsa na ga jadawalin nan da ke jera ƙasashe bisa salon maganar mutanensu, Japan a sama, Jamus a ƙasa, wai mutanen Japan sai hannunka mai sanda, Jamusawa kuwa ɓaro-ɓaro suke faɗa, nakan ajiye biro in tambaye shi: wa ya auna?

Kai ma daga nan za ka fara. Bi sawun jadawalin daga marubucin da ya kawo shi zuwa wanda ya kwafo daga wajensa. Galibi za ka tarar sawun ya ƙare a wajen Edward T. Hall, Ba'amurken da ya fito da wannan rabe-raben a 1976. Hall mutum ne mai lura sosai, ina ganin girmansa. Amma abin da ya gani da idonsa ya rubuta, bai bayyana hanyar da ya bi ya jera ƙasashen ba. A 2008 wani mai bincike, Peter Cardon, ya bi maƙaloli 224, ya tarar ana ta maimaita ra'ayin Hall, amma waɗanda suka gwada shi a aikace ba su taka kara sun karya ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin maimaici ya sa hasashe ya zama kamar karatun da aka tabbatar.

In akwai alƙaluma, duba su wa aka tambaya. Na Geert Hofstede, wani masani ɗan ƙasar Holan, da ake yawan haɗawa da jadawalin Hall, daga ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM aka tattara su tsakanin 1967 da 1973, kuma ɗabi'un wurin aiki aka tambaye su, ba salon magana ba. Duba kuma ko kalmomin tambayar sun riƙe ma'anarsu bayan fassara.

Sai maganar ƙasar kanta. Suwizalan tana da harsunan ƙasa huɗu; wanne ne ke wakiltarta a jadawalin? Mutum ɗaya ma, yadda yake yi wa maigidansa magana daban, yadda yake yi wa abokinsa daban.

Saboda haka in za ka yi naka binciken, kada ka ɗauka mutanen da kake nazari a kansu masu lulluɓe magana ne don kawai fasfonsu. Auna su ɗaya bayan ɗaya, ka naɗi hirarsu in sun yarda, ka ga yadda suke ƙin tayi ko gyara kuskuren wani. Wajen rubuta sakamako, faɗi adadinsu, shekarunsu, sana'arsu da harshen da aka yi hirar da shi.